Gurbin da Malam Ya Bar Mini

Shekara huɗu ina riƙe da aikin da ba wanda yake so a shiyyarmu, wato tattara labaran makarantu. Makarantun firamare tara ne, wasu a ƙasar Gwarzo, wasu a ƙasar Kabo, shugabanninsu suka haɗa kai suna zama sau ɗaya a kowane zango. Ranar da za a zaɓi sakatare na fita amsa waya, kafin in dawo an gama, sai ji na yi ana ce mini Allah ya taya riƙo. Laifina ɗaya, na iya buga rubutu a kwamfuta.

Aikin shi ne duk ƙarshen zango in hau babur in zaga makarantun nan, kowane hedimasta ya rubuta mini abin da aka yi a wajensa, in haɗa a shafi biyu, a yi fotokwafi a liƙa a ƙofar ofisoshi, a kuma tura a zauren malamai na waya. Ba wata jarida ba ce ta a zo a gani. Amma ka kuskura ka manta da famfon da wani ya gyara, sai dattijo ya yi mako biyu yana amsa maka sallama da hanci.

Zangon da zan ba da labarinsa na uku ne, na damina, kuma shekarar an yi abin kirki. A makarantar garin Jama'a iyaye sun yi karo-karo sun mayar da kwanon aji biyu da iska ta yaye. A Gammo wata yarinya 'yar aji biyar ta zo ta ɗaya a musabaƙar karatun Alƙur'ani, hedimastansu ya cika mini shafi guda a kanta, na rage shi zuwa layi uku, har yau bai yafe mini ba. Wata makaranta ta samu sababbin malamai mata biyu. Wata ta dasa darbejiya ta kewaye fili, awaki suka cinye rabi, hedimastan ya ce in rubuta dashen in bar maganar awaki. An yi muhawara, an yi ƙwallo, an yi wa yara rigakafi. Ni dai ina ta cusa takardu a jaka.

Amma abin da kowa yake jira a takardar zango na uku ɗaya ne: sakamakon jarrabawar haɗin gwiwa ta 'yan aji shida. Akwai ƙungiyar 'yan asalin yankinmu da suke aiki a birni, duk shekara suna ɗaukar yaro ɗaya daga kowace makaranta, wanda ya zo na ɗaya, su ɗauki nauyinsa a sakandaren kwana har ya gama. Gurbi ɗaya ne tak ga kowace makaranta, kuma daga takardata kwamitinsu yake kwafar sunaye. Na san wannan sarai, kada wani ya nema mini uzuri.

Makaranta ta ƙarshe da na je a wani ƙauye take cikin mazaɓar Madadi. Hedimastanta Malam nake ce masa kawai, don ya girme ni, kuma shekara biyu yana gabana a kwalejin horon malamai. Ɗan gidan malamai ne, mai sanyin magana, irin mutanen da sai ka matso kafin ka ji abin da suke faɗa. Shi ya shige mini gaba wajen neman aure. Shi kuwa ya yi shekara tara da aure Allah bai ba shi haihuwa ba, sannan aka samu 'ya mace. Ranar suna ni na riƙe ƙafafun ragon. Yarinyar ta tashi tana ce mini Baffa. Ita ce 'yar farinsa, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mata, saboda haka alkunya ta zama biyu. Ban taɓa jin ya ambaci sunanta ba. Sai dai ya ce yarinyar nan, ko ya ce mini 'yar wajenka.

Ranar hadari ya haɗo ta gabas, ni kuma ina so in wuce wani rafi kafin ya kawo. A tsaye muka gaisa. Ya miƙo takarda a ninke, da na kama bai saki da wuri ba.

"Ka duba da kyau, Sakatare," in ji shi.

Na ce to, Malam, na jefa a jaka na tayar da babur.

Washegari da hantsi na zauna bugawa a shagon mai fotokwafi a Gwarzo, wuta ta zo, kowa yana rige-rige kafin a ɗauke. Da na buɗe takardar Malam na ga labarin lambun makaranta, da benci goma da aka gyara, sai sakamako a ƙasa. Ya rubuta na ɗaya, ya bar layin ba komai. Na biyu da sunan wani yaro, na uku da sunan wani. Na ce a raina, oho, tsufa ya fara taɓa Malam, ya tsallake layi. Waya tana aljihuna, kira ɗaya ne. Ban kira ba. Na matsar da sunayen sama, na biyu ya zama na ɗaya, na ce a buga. Ko kusa ban kawo yarinyar a raina ba, don ni a lissafina aji biyar take. Yaron da ka ga ranar sunansa ba ka ganin girmansa.

Kwana biyar ina karɓar yabo. Ranar Alhamis ina ofishina sai ga malamar aji shida ta makarantar Malam, ɗan acaɓa ya sauke ta, gefen hijabinta duk taɓo. Mace ce da ba ta iya kewaye-kewaye ba. Ta gaishe ni gaisuwar da ba ta kai zuci ba, ta ajiye wata takarda a kan teburina.

"Sakatare, karanta mini wanda ya zo na ɗaya a nan."

Takardar sakamako ce ta asali, da sa hannun malaman da suka yi makin. Na duba layin farko na ga sunan 'yar Malam, ta ba na biyu rata mai nisa.

"Shekara biyu ina dafa yarinyar nan," in ji ta. "Kai ka zo da kwamfutarka ka goge ta cikin minti ɗaya. Kwamiti ya riga ya aika wa baban wancan yaron wasiƙar ba shi gurbin. Ranar Litinin za a wuce da fom ɗin sunayen birni. In aka wuce shi ke nan."

Na fara cewa ai Malam ne ya bar layin. Ta katse ni.

"Kai baƙo ne a gidan? Yaushe ka taɓa jin ya faɗi sunanta, balle ya rubuta da hannunsa cewa ta fi 'ya'yan mutane?"

Na rufe ofis na ɗauki babur.

Na sami Malam a zauren gidansa bayan azahar yana gyara ƙotar fartanya. Ni mutum ne mai saurin hawa, kowa ya san ni da wannan, amma ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ko gaisuwar ban bari ta ƙare ba.

"Malam, me ya sa ka yi mini haka?"

Ya ɗago a hankali. "Ni na yi maka? Gurbi na bar maka. Kai ne baffanta. Na ce ka duba da kyau."

"To me ya hana ka buɗe baki ka ce ita ce?"

"Da bakina?" in ji shi. Yadda ya faɗa kamar na ce ya fita kasuwa ba riga.

Gaskiyarsa ta wani gefen. Haka muka tashi muka gani. Uba ba ya yabon ɗan farinsa, ba ya tsaya masa a gaban mutane, sai dai baffa ko kawu ko aminin uba ya yi. Shi ya yi nasa, ya bar mini nawa, ni na taka na wuce. Amma akwai abin da ya fi ci mini rai, na tambaye shi. Na ce takardar ta fito tun ranar Asabar, ya gani, me ya sa bai kira ni ba.

"Na gani," ya ce. "Na ce rabon yaron ne ya rantse."

Nan raina ya ƙarasa ɓaci. Na ce, "Malam, na san ana barin halak don kunya. Amma halak ɗinka za ka bari, ba na yarinya ba. Ita ta zauna ta rubuta jarrabawar nan, ba kai ba."

Ina faɗa na fara nadamar maganar. Can sai aka yi sallama daga cikin gida, yarinyar ta fito da kwanon ruwa, ta durƙusa ta ajiye a gabana. Ta ce, "Baffa, sannu da zuwa, ya hanya?" Ba ta ƙara komai ba, ba ta kuma dube ni ba. Da can in na zo sai ta tsaya ta ba ni labarin ajinsu har uban ya kore ta. Na gane ta ga takardar a ƙofar ofis kamar kowa, kuma ta san wanda ya buga. Ruwan nan ban iya sha ba.

Da ta koma ciki na ce masa ya rubuta wa kwamiti layi biyu cewa kuskure aka yi. Ya girgiza kai.

"Wasiƙa ta riga ta shiga gidan mutum. In na sa hannu, gobe a garin nan za a ce hedimasta ya cire ɗan talaka ya sa 'yarsa. Wa zai ƙara yarda da makin da na ba ɗansa? Ba zan hana ka ba, Sakatare. Amma hannuna ba zai hau ba."

Ranar Juma'a da sassafe na nufi Kabo wajen shugabar kwamitin. Hajiya tsohuwar shugabar makaranta ce da ta yi ritaya, ta koyar da rabin malaman shiyyar, kuma har yanzu kallon 'yan aji uku take yi mana. Na zube na gaishe ta, na faɗi abin da na yi ban rage ba. Ta sa tabarau ta karanta takardar asali sau biyu.

"Sa hannun uban ba dole ba ne," in ji ta. "Malaman wasu makarantu ne suka yi makin, ga sa hannunsu. Amma ni ba zan aika wa mutum wasiƙa yau in aika a karɓo gobe ba. Wanda ya ɗaure shi zai kwance. Ka je da ƙafarka ka sami baban yaron. In ya mayar da wasiƙar da kansa, ranar Litinin sunan yarinya zai tafi. In ya ce bai yarda ba, sai kwamiti ya zauna, kuma ba zai zauna kafin Litinin ba. Ka san abin da hakan yake nufi."

Na sani. Gurbin makarantar zai tafi a banza, ba yarinya ba yaro. Na ce, "Ranki ya daɗe, ko za ki haɗa ni da wani dattijo mu je tare?" Ta cire tabarau ta ce lokacin da nake matsar da sunaye da wane dattijo na yi shawara.

Ranar Asabar na tafi gidan su yaron. An yi ruwa da asuba, hanya ta yi laushi, sau biyu ina sauka in tura babur. A gidan aka ce mini mai gidan yana gona. Na same shi yana huɗar dawa da shanu biyu, dattijo siriri mai furfura a gemu. Ya tsayar da shanun ya fito bakin gona, muka tsuguna a gindin wata ɗorawa. Na gaishe shi da aiki, da ruwa, da iyali, da gajiya, na koma kan ruwa. Na yaba dawar. Na yaba shanun. Ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa, ranar sai da na nemi magana na rasa. Shi kuwa ya bar ni ina ta kewaye, yana tsinke ciyawa da yatsu.

Daga ƙarshe na ce, "Baba, ni ne mai buga takardar makarantu. Na yi kuskure, kuma kuskuren ya shigo gidanka."

"Na sani," in ji shi.

Na dube shi.

"Ranar da aka kawo wasiƙar yaron ya ce mini, Baba, ba ni ba ne, ni na biyu na zo, duk ajinmu sun sani. Na ce ya yi shiru tukuna, ko Malam ya samar wa 'yarsa wata hanya ce ya bar mana wannan. Na so in je in tambaye shi. To yaya zan tambayi mutum maganar 'yar farinsa? Mako guda ke nan ina zagayawa ta bayan masallaci don kada mu haɗu. Shi ma na lura ya sauya sahu."

Ya cire hularsa, ashe wasiƙar tana ciki, a naɗe cikin leda saboda ruwa. Ya riƙe ta ɗan lokaci. Ya ce uwar yaron ta riga ta gaya wa 'yan uwanta, har wata ta kawo masa akwati, wannan shi zai ji da shi. Sannan ya miƙo mini.

"Abin da ba naka ba ko ka haɗiye sai ya tsaya maka a wuya. Amma ina da roƙo ɗaya. In za ka sake buga takardar, ka rubuta cewa ɗana na biyu ya zo. Kada a ce faɗuwa ya yi aka cire shi."

Na ce wallahi zan rubuta, da manyan baƙaƙe ma. Na yi masa godiya har ya gaji ya ce shanunsa suna jira. Da na bar gonar ban yi nisa ba na tsayar da babur a gefen hanya na zauna a kan wani dutse. Na yi hamdala ban san adadi ba. Na kira Hajiya, ta ce in kawo wasiƙar yanzu, ba gobe ba.

Ranar Litinin fom ya tafi da sunan yarinyar. Na sake buga takardar, na sa gyara a saman shafin farko, na rubuta cewa kuskuren na sakatare ne shi kaɗai, ga wadda ta zo ta ɗaya, ga wanda ya zo na biyu da maki mai kyau. Shugabannin makarantu suka samu abin tsokana. Na Gammo ya ce da na bar masa shafinsa guda da Allah bai kama ni ba. A zaman da ya biyo baya aka yanke cewa daga yanzu malamin aji shida ne zai riƙa rubuta sakamako, kuma kwamiti zai karɓi takardar asali, ba tawa ba. Ban yi musu ba.

Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. Yaron bai samu makarantar kwana ba. Yana zuwa ta jeka-ka-dawo a kan keke, tafiya mai nisa, kuma mako guda da ya yi da wasiƙa a gidansu ni na jawo masa. Wani lokaci ina wuce shi a hanya da safe, ya ɗaga mini hannu, in ji wani abu ya soke ni. Na je makarantar tasu na gaya wa shugabansu irin yaron da ya samu. Iyakar abin da na iya ke nan.

Da hutu ya ƙare, lokacin an fara yankan gero, ranar tafiya ta zo. Tun kafin ranar Malam ya aiko mini cewa in zo in kai 'yata makaranta. Na samo mota, malamar aji shida ta ce da ita za a je. Uwar yarinyar tana daga cikin gida ba ta fito ba, ita ma 'yar fari ce a wajenta, sai maƙwabta ne suka rako ta da kaya. Malam kuwa aka ce tun da safe ya tafi makaranta duba wani aji da yake yoyo. Ranar ko gajimare babu. Yarinyar ta waiga wajen makarantar sau ɗaya, ta shiga mota. Sai da muka hau kwalta ta fara yi mini magana kamar da, tana tambayata ko gaskiya ne a can ana tashi tun kafin asuba.

Muka yi rajista, Malama ta shiga da ita ɓangaren ɗakunan kwana inda maza ba sa shiga, ni na jira a bakin ƙofa. Muka juyo, na sauke Malama a gidanta, na mayar da motar na ɗauki babur ɗina, na isa wajen Malam bayan la'asar.

Yana zaune a zaure a kan tabarma. Ya tambaye ni hanya. Ya tambayi motar, ko ta ba mu wahala. Ya tambaya ko an yi ruwa a can, ko gero ya nuna a wajensu, ko na ci abinci. Na amsa duka, na kuma ƙi ƙara komai da gangan, na ce yau sai na ga iyakar alkunyar nan. Na miƙe na ce zan tafi kafin magariba. Ya rako ni har wajen babur, abin da ba ya yi. Na sa makulli, sai ya dafa kan babur ɗin, yana kallon ƙasa.

"Sakatare, an ce gadajen can masu hawa biyu ne."

Na ce haka ne.

"Na sama aka ba ta ko na ƙasa? Tana juyi in tana barci. Tun tana ƙarama take faɗowa."

Ban sani ba, don ban shiga ba. Na ciro waya na kira Malama, na ƙara murya yadda zai ji. Shi kuma ya juya gefe kamar ba da shi ake ba. Na tambaye ta. Ta ce na ƙasa ne, a jikin bango, ita da kanta ta zaɓa mata ta shimfiɗa zanen gado.

Malam ya ɗauke hannunsa daga kan babur.

"To, madalla," in ji shi. "Ka gaida gida."